Ƙwallon atisayen sofbol a zafin Sakkwato: yadda nake zaɓa, nake gwadawa, nake adanawa

Ƙwallaye goma sha biyu na farko da na saya da kuɗin aljihuna, tun kafin sanda ta ci su rana ta riga ta cinye. Hutun ƙarshen zango na biyu ne, cikin watan Afrilu, na manta su a but ɗin mota, motar kuwa tana ƙofar gida a Mabera, ba rumfa ba inuwa. Ranar da aka koma makaranta na zazzage su a fili da zafinsu. Yarinyar da ta fi kowa ƙarfin hannu ta ɗaga sanda ta maka wa ɗaya, sai muka ji "bus", kamar an doki buhun dusa. Ƙwallon da ya saba kaiwa gindin dogon yaron da ke bakin katanga, ko rabin hanya bai yi ba. Ta juyo ta ce, "Malam, wanga ƙwallo ya mutu."

Ashe suma suka yi. Da suka kwana biyu a ɗaki mai sanyi, yawancinsu sun farfaɗo. Amma fatar ta riga ta bushe, zaren ɗinkin ya yi rauni, kafin ƙarshen zangon, guda biyar daga ciki sun buɗe baki.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandaren 'yan mata. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya kawo mana wasan sofbol, wanda ake jefo wa mutum ƙwallo ya buge shi da sanda, da ya gama shekararsa ya bar mini jaka ɗaya: sanduna biyu, safar hannu shida, da 'yan ƙwallaye. Tun daga nan nake fama. A garin nan ba shagon da za ka shiga ka ce a ba ka ƙwallon sofbol, sai an yi maka saƙo daga Legas ko Abuja, ko wani ya taho da shi daga waje, kuma farashinsa dala yake bi. Shi ya sa kowane ƙwallo a wurina kamar akuyar kiwo ne, na san shekarunsa, na san ciwonsa.

Lambobi biyu da ke jikin ƙwallo

Sunan wasan yana yaudarar mutane, don ma'anarsa ƙwallo mai laushi. Da can akwai gaskiya a ciki. A 1887 aka fara shi a birnin Shikago na Amurka, inda George Hancock ya ɗaure safar dambe ta zama dunƙule, aka riƙa bugunta da sandar tsintsiya. Daga baya ma an daɗe ana cusa cikin ƙwallon da audugar rimi, wannan dai da muke cusa matashin kai da ita. Na yanzu kuwa cikinsa dunƙulen roba ne mai ƙarfi da ake kira foliyuretan, ko kuma ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, a gauraya da roba a matse. Wanda ya taɓa sha a ƙwauri ba zai sake kiransa mai laushi ba.

Ka ɗauki ƙwallo ka juya shi. Idan na kirki ne za ka ga girmansa a rubuce, inci 12 ko inci 11, da wasu lambobi biyu, misali .47 da 375. Na inci 12 shi ne na manya: kewayensa tsakanin santimita 30.2 da 30.8, nauyinsa tsakanin giram 178 da 198. Na inci 11 na ƙananan yara ne, 'yan shekara goma zuwa ƙasa.

Lambar farko, wadda ake rubuta COR a gefenta, ta tsalle ce. A ɗakin gwaji ana harba ƙwallon da gudun mil 60 a awa, kusan kilomita 97, ya doki bango mai ƙarfi da ba ya motsi, a auna gudun da ya dawo da shi. Idan an rubuta .47, to ya dawo da kashi 47 cikin ɗari na gudun da ya tafi da shi, wajen kilomita 45 ke nan.

Ta biyu ita ce ta tauri. Ana sa ƙwallon tsakanin farantan ƙarfe biyu a danne shi har ya lotsa da kwatan inci, wato milimita shida da 'yan kai, a ga nauyin da ya ɗauka kafin ya ba da wannan ɗan lotsawar. Lambar 375 ɗin nan laba ce, kusan kilo 170 ke nan. Buhun siminti uku da ɗoriya a kan ƙwallo ɗaya, kuma duk abin da zai lotsa bai kai faɗin farcen ƙaramin yatsa ba.

Tsalle daban, tauri daban, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Ƙwallon tanis yana da tsalle amma ba shi da tauri. Ƙwallon goriba yana da tauri amma ba shi da tsalle. Na ambaci goriba ne da gangan: akwai ranar da na je taron malamai, yara suka rasa makullin sito, suka sayo goriba a bakin ƙofa suka yi ta bugu da sandar alminiyam ɗinmu guda. Har yau lotsawar tana nan, ina nuna wa sabbin ɗalibai ita.

Dalilin da ya sa tauri ke da muhimmanci shi ne sandunan yanzu rami ne a cikinsu. Idan ƙwallo mai tauri ya haɗu da sanda, bangon sandar ne ke lotsawa ya dawo, kamar fatar ganga, ya cilla ƙwallon gaba. Idan ƙwallon ya yi laushi, shi ne zai lotsa a madadin sandar, ƙarfin bugun ya narke a cikinsa, ya faɗi kusa. To amma wannan taurin da ke kai ƙwallo nesa, shi ne dai ke fasa sanda, shi ne ke karya yatsa. Saboda haka tambayar da za ka yi kafin saye ita ce wane aiki ƙwallon zai yi da kuma wa zai tsaya a gabansa. Wanda ya fi tauri ba lallai ne shi ya fi dacewa da kai ba.

Wasan kashi biyu ne, kuma ƙwallonsu ya bambanta. Akwai na jifa mai sauri, inda mai jifa ke zagayo da hannu kamar fanka ta saki ƙwallon daga wajen ƙugu, tana tsaye mita 13.11 daga mai bugu. Shi ne aka shigar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, shi ne Japan ta doke Amurka da ci 2 da nema a wasan ƙarshe na Tokyo a 2021, kuma gwanayen matansa suna wuce gudun kilomita 110 a awa. Ƙwallonsa galibi .47 da 375. Akwai kuma na jifa a hankali, wanda ake lilo da ƙwallon sama ya sauko wa mai bugu; nasa za ka ga .52 da 300, ko .44 da 375. Mu na farkon muke yi. Idan kai ma shi kake koyarwa, to mai jifarka ta riƙe mai .47. Amma don bugu zalla, mai .52 da 300 ba laifi, ya fi sauƙi a kan sanda da jiki, kuma sauyin yanayi bai cika canza shi sosai ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Duk lambobin nan a ɗaki mai sanyin digiri 22 ake auna su, da damshin iska kashi 50 cikin ɗari. Yaushe rabon Sakkwato da digiri 22 da rana? A Afrilu da Mayu muna wuce 40. Robar cikin ƙwallo tana saki da zafi, tana ƙanƙancewa da sanyi. Ƙwallon da aka rubuta wa 375, da la'asar ɗin bazara bai kai haka ba ko kusa, da sassafen hunturu kuwa yana iya wuce haka. Ƙwallo ɗaya ne, amma hali biyu. Don haka kada ka yanke wa yarinya hukunci cewa hannunta ya mutu saboda bugunta na Mayu bai kai na Janairu nisa ba. Na taɓa yin wannan kuskuren, na sa wata ta yi ta ɗaga ƙarfe sati uku a banza.

Wane ƙwallo, wane aiki

Ƙwallon gasa, mai fatar sa ta gaske da jan zare mai tudu, shi ne ya fi tsada, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa idan aka sake shi ga masu bugu. Tudun ɗinkin nan shi mai jifa ke kamawa ta murza ƙwallon ya lanƙwasa ko ya faɗi. Bugu kuwa yana kwantar da tudun. Ina ajiye shida kacal don masu jifa da mai tarewa, ba a bugunsu sai ranar da muke wasan gwaji kamar na gaske, sau ɗaya a sati.

Abin da ke ɗaukar wahalar yau da kullum shi ne mai fatar roba. Cikinsa kusan ɗaya ne da na gasa, rigar ce ta jabu. Ya fi araha, ba ya shan ruwa kamar fata, amma yana da santsi a hannu mai gumi, kuma ranarmu tana sa rigar ta tsattsage tana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Idan ka samu mai sayar da waɗanda masana'anta ta ware saboda tabo, ko tambarin da ya karkace, ko ɗinki ɗaya da ya goce, saya ba tare da ja-in-ja ba. A jerin kayan 'yan kasuwa ana rubuta musu blem. Aibinsu a ido ne kawai, sanda ba ta san da shi ba.

Sai mai ramuka, wanda ya yi kama da ƙaton ƙwallon golf. Roba ce zalla a dunƙule, ba riga ba ɗinki, don injin jifa aka yi shi. Ɗinki yana sa ƙwallo ya fita daga tayoyin injin a karkace, shi kuwa wannan kullum hanya ɗaya yake bi. Mu ba mu da inji, ko da muna da shi ina wutar. Duk da haka ina da guda takwas, don su ne ba sa jin ruwa, ba sa jin tsakuwa, shekara huɗu ke nan ba wanda ya fashe. Sai dai a kula da abu ɗaya. Kamfanonin da ke yin sanda mai tsada ta zaren kabon suna gargaɗi kada a buga irin wannan ƙwallon da ita, har sukan ce sun janye lamuninsu idan aka yi. Ware masa tsohuwar sandar alminiyam. A wurinmu wadda goriba ta lotsa ce ke wannan aikin.

Ga sabbin shiga kuwa, musamman 'yan aji ɗaya, ban yarda a fara musu da ƙwallo mai tauri ba ko kaɗan. Akwai mai cikin soso da aka yi wa riga da ɗinki, girmansa ɗaya da na gaske. Yarinyar da ƙwallo ya fasa wa leɓe a satinta na farko, ko ta dawo fili, za ta riƙa rufe ido tana ja da baya duk lokacin da aka jefo mata, kuma cire wannan tsoron ya fi koyar da bugun kansa wuya. Balle a ce mahaifinta ya ga jini a hijabi, shi ke nan an gama wasa. Wata biyu suke yi da mai laushi kafin su taɓa na gaske, kuma ranar da za su fara, hular kwano mai shingen fuska dole ce, a ɗora ta a kan ɗan ƙaramin hijabi marar allura.

Akwai na leda mai huji-huji, irin Wiffle da aka ƙirƙira a Amurka a 1953. Ba ya nisa, ba ya fasa gilashi, da shi muke atisaye a zauren taro idan ruwa ya hana mu fili. A iskar hunturu kada ma ka fito da shi, sai dai ka bi shi makwabta. Akwai kuma mai nauyi da aka cika da yashi, wanda ke koya wa mai bugu ta tura sanda ta ratsa ƙwallon maimakon ta tsaya da zarar sun haɗu. Yana da amfani ga manya, bugu goma zuwa goma sha biyar a tsaya. Ba a jifa mai nisa da shi, kafaɗa yake ci.

Idan aljihu ya yi ƙasa, da babu gara ba daɗi. Tsofaffin ƙwallayen tanis suna gyara ido. Yaran Jamhuriyar Dominika da murfin babbar gorar ruwa da sandar tsintsiya suke koyon bugu, kuma ƙasar ta fitar da manyan 'yan besbol ba adadi. Na gwada, yana aiki, murfin yana lanƙwasa a iska ta yadda wadda ta iya samunsa ƙwallo ba zai ba ta wuya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙwallon besbol ko na kurket a kan sandar sofbol. Na besbol kewayensa inci 9 ne, ya fi ƙanƙanta ya fi curewa, bangon sandar sofbol kuwa siriri ne.

Game da yawa, ƙungiya mai mutum goma sha huɗu tana buƙatar aƙalla dozin biyu na bugu. Idan ba su kai haka ba, rabin lokacin atisaye a tsintar ƙwallo zai tafi, kuma 'yan kaɗan ɗin za su sha dukan da ya kamata a raba wa da yawa.

Kada ka sayi ƙwallon da ba lamba a jikinsa. Na taɓa yin odar dozin guda ta intanet wurin wani ɗan kasuwa, hoton ya yi kyau, farashin ya fi kyau. Da suka iso, rawaya ce shar, ɗinki ja, amma ba COR ba komai. Bugu na uku ɗaya ya koma kamar ƙwai. Na kai wa kafinta ya raba shi da zarto, sai ga garin katako da aka dama da gam. Araha ba ta ado. Nemi tambarin wata hukumar wasan a jiki, kamar WBSC ko USA Softball, ka kuma ce mai sayarwa ya turo maka hoton lambobin kafin ka tura kuɗi.

Gwajin da nake yi duk farkon wata

Ba mu da ɗakin gwaji, amma muna da bango da alli. Daga kowane sabon dozin ina cire ƙwallo ɗaya in ɓoye, ba a bugunsa, ba a jifa da shi, yana cikin akwatin tebur ɗina. Yara suna kiransa Alƙali. Da shi ake auna sauran.

Da safe nake gwajin, bayan duk ƙwallayen sun kwana ɗaki ɗaya da Alƙali, don zafin jikinsu ya zo daidai. In ba haka ba rana kake aunawa, ba ƙwallo ba. Na ja layi da alli a bangon baranda, mita biyu daga daɓen siminti. Yarinya ɗaya ta hau kujera ta riƙe Alƙali a kan layin ta sake shi, ba turawa. Wata ta tsuguna da waya tana ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali, mu ga inda ya kai a tsallen farko mu sa alama. Sau uku, don ɗinki kan sa ya goce. Sannan sauran su biyo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gaza alamar da faɗin yatsu huɗu ya sauka daga matsayinsa. Kada ka yi ƙoƙarin fitar da lambar COR daga wannan. Ƙwallon da aka saki daga mita biyu bai kusa gudun da ake harba shi a ɗakin gwaji ba, lissafin ba zai fito daidai ba. Kwatanci kawai kake yi.

Daga nan sai kunne. Riƙe Alƙali a hannu ɗaya, wanda ake tuhuma a ɗaya, ka gwara su. Lafiyayye yana cewa "ƙwas", gajere mai kaifi. Wanda cikinsa ya saki yana cewa "dum". Girgiza shi kusa da kunne, idan ka ji wani abu na motsi, dunƙulen ya rabu da riga ko ya tsage. Sai ka danna da manyan yatsu biyu ka zagaya shi. Wani lokaci gefe ɗaya ne kawai ke laushi, inda ya fi shan duka.

Don zagaye, na sa kafinta ya huda mini rami a falanki, faɗinsa santimita 9.9, ya ɗan ɗara faɗin ƙwallon da ke wajen 9.7. Lafiyayye zai wuce ta kowace fuska ka juya shi. Wanda ya koma ƙwai zai wuce ta nan ya maƙale ta can. Ko ka gangara shi a kan siminti, za ka ga yana tafiyar ɗan maye. Nauyi kuwa da ƙaramin sikelin kicin na batir nake aunawa, musamman da damina. Duk wanda ya haura giram 200 ya sha ruwa, ba ya zuwa hannun mai jifa sai ya bushe.

Bayan gwaji sai rabo. Ina da bokitan fenti uku masu murfi. Na farko na jifa da wasan gwaji. Na biyu na bugun da ake jefo wa mutum. Na uku na turke, wato bututun da ake ɗora ƙwallo a kai a buga cikin raga, inda tsalle da zagaye ba su dame mu ba. Ƙwallo yana sauka daga bokiti zuwa bokiti, ba ya hawa. Kowanne da watan da ya fara aiki a rubuce da maka kusa da ɗinki. Murfin bokitin kuma kujerata ce idan ina jefa musu daga gefe.

Wurin baduku

Rigar ƙwallo fata biyu ce, kowace da siffar kalangu, an rungume su an ɗinke da ɗinki 88 ko fiye. Yawanci zare ne ke fara tsinkewa alhali cikin lafiya lau. Da zarar ka ga ɗinki ɗaya ya tsinke, cire ƙwallon daga fili a ranar. Idan ka bar shi, bugu goma zai buɗe rabin riga, ramukan allurar su yage, gyara ya gagara.

Na ɗauki guda biyar na kai wa wani dattijon baduku a cikin gari, wanda ke ɗinka jakunkuna da titimi. Ya juya ɗaya a hannu ya daɗe yana kallon ɗinkin, ya ce, "Malam, mi aka yi da wanga abu?" Na ce bugunsa ake da sanda, Baba. Ya ce, "To ai dole shi koka."

Biyu daga ciki rigarsu ta ƙare gaba ɗaya, sai na ce ko za a yi musu sabuwa da jar fatar akuyarmu, tunda duniya ta san ta, ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko. Ya girgiza kai. "Hwatar akuya ta ado ta. Wanga aiki sai ta sa." Na nace, ya yi mini ɗaya da ta akuya ɗaya da ta sa don in gani da idona. Na akuyar ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma cikin sati biyu rigar ta miƙe tana yawo a kan dunƙulen. Mai fatar sa kuwa yana nan har yanzu a bokiti na biyu.

Ga yadda yake yi, ga mai son gwadawa. Ya warware tsohuwar rigar ya shimfiɗa ta a kan sabuwar fata ya zana, ya huda ramukan daidai inda na tsohuwar suke. Ya jiƙa fatar ta yi laushi, ba sharkaf ba. Ya kafa ta a kan dunƙulen da 'yan ƙananan ƙusoshi don kada ta zame. Sannan allura biyu a zare ɗaya na nailan da ya goga wa kakin zuma, kowace allura ta shiga ta ƙarƙashin gefen da ke fuskantarta ta fito sama, hagu, dama, yana ja yana tafiya. Ƙarshen zaren ba ya ƙulla shi a waje, yana cusa shi ƙarƙashin fata ya fito da shi nesa ya yanke. Da fatar ta bushe a inuwa sai ta ɗame ta kama dunƙulen gam. Ƙwallon da aka yi wa sabuwar riga ba ya komawa gasa, don nauyinsa kan ɗan canza, amma yana ƙara shekara guda a atisaye.

Bazara, damina, hunturu

Da bazara, dokar ɗaya ce: ƙwallo ba ya kwana a mota, ba ya wuni a sito mai rufin kwano ba silin. Namu suna ƙarƙashin tebur a ofishin da ya fi kowane sanyi, a ƙasa, nesa da taga. A fili ma bokitin a inuwa yake da murfinsa, ana ɗiba kaɗan-kaɗan. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in riƙa sa su a firji kafin atisaye don su yi tauri. Ban yi ba. Raɓa za ta kwanta musu da an fito da su, kuma ƙwallo mai sanyi sanda yake ci.

Da damina, mai fata ba ya fita idan ciyawa da jiƙa. Wanda ya jiƙe a goge shi da tsumma a shanya a inuwa inda iska ke ratsawa, kwana biyu ko uku. Kada a sa shi a rana, kada a kai shi kusa da murhu, fatar za ta ƙandare ta tsage. Kada kuma a rufe shi a bokiti da damshinsa, zai yi fumfuna, zaren ya ruɓe.

Da hunturu, fata ce ke bushewa kamar tafin ƙafa. Ɗan man kaɗanya a yatsa, a shafa, a goge sosai da busasshen tsumma, sau ɗaya a wata ya isa. Idan ya yi yawa ƙwallon zai yi santsi ya kwashi ƙura ya ƙara nauyi. Safiyar da sanyi ya sauka wajen digiri 15, sanda mai tsada tana zama a jaka sai rana ta ɗaga. A kowane lokaci kuma, mai bugu ta riƙa juya sandar kaɗan a hannunta bayan kowane bugu, kada gefe ɗaya ya ɗauki dukan duka.

Filin kansa yana cin ƙwallo. Namu jar ƙasa ce mai tsakuwa, tana kankare riga kamar sanfefa, ga tsidau da ƙarangiya a gefe. Muna share inda ƙwallo ya fi sauka duk ranar Litinin. Bugu a jikin bangon bulo ko wayar shinge haramun ne a wurina, kwana kaɗan yake gamawa da riga. Tsohuwar komar masunta na samo daga bakin gulbin Rima, muka ninka ta uku muka rataye tsakanin sanduna biyu, muka bar ta da sako-sako don ta shanye ƙarfin ƙwallo. Wanda ke jefa wa mai bugu daga gaba kuma dole ya kasance bayan raga. Ƙwallon da ya fito daga sanda ya fi wanda aka jefo gudu, kuma a 'yan mitocin nan ba mai iya kaucewa.

Wanda ya faɗi ko a bokiti na uku, ba na jefar da shi. Kafinta ya huda shi ta tsakiya, mu zura igiyar nailan mu ƙulla a ƙasa, mu rataye a reshen dogon yaro daidai ƙugun yarinya. Guda huɗu ke rataye yanzu, kowanne da tsayinsa, kuma 'yan aji ɗaya kan yi layi a wurin tun kafin in fito daga ofis.